Ƙarfe Shida da Ƙarfe Uku: Tarihin Ƙayyade Lokacin Shan Barasa a Birnin Sidni

A cikin manyan biranen duniya da wuya a sami wanda ya daɗe yana kokawa da agogon mashaya kamar Sidni, babban birnin jihar New South Wales ta ƙasar Ostareliya. Sau biyu cikin ƙarni guda aka zubar da jini a titunansa saboda maye, sau biyu hukuma ta ɗauki mataki iri ɗaya, wato rage lokacin sayar da giya, kuma sau biyu aka warware dokar.

Karo na farko ya faru ne ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ranar 14 ga Fabrairu 1916, dubban kuratan soja da ke sansanin Casula suka yi bore saboda an ƙara musu awoyin horo. Suka auka wa mashayun garin Liverpool da ke kusa, suka sha iya shansu, sannan suka hau jiragen ƙasa zuwa cikin Sidni suna fashe-fashe. Da dare ya yi, masu gadi suka buɗe wuta a babbar tashar jirgin ƙasa, soja ɗaya ya mutu. Dama ƙungiyoyin yaƙi da shan barasa, waɗanda mata da malaman coci suka fi yawa a cikinsu, sun daɗe suna neman irin wannan dama. A watan Yuni na wannan shekara aka yi ƙuri'ar raba gardama, jama'a suka zaɓi a riƙa rufe mashaya da ƙarfe 6 na yamma maimakon 11 na dare.

An ɗauka doka ce ta lokacin yaƙi, sai ga shi ta kai shekara 39. Abin da ta haifar kuwa shi ne ya fi cancantar mai karatu ya tsaya a kansa. Ma'aikata na tashi daga aiki da ƙarfe 5, ke nan awa ɗaya tak ta rage musu. Sai kowa ya ruga mashaya, ya sayi kofuna da yawa a lokaci guda, ya jera su a gabansa, ya riƙa kwankwaɗa a tsaye kafin a buga ƙararrawa. Masu mashaya suka kwashe kujeru da teburan wasa domin wurin ya ɗauki ƙarin mutane, suka liƙa tayil a bango don a sami sauƙin wanke amai da tiyo. Ƙarfe 6 na bugawa sai a tura taron bugaggu kan titi gaba ɗaya, su nufi gida wurin matansu da 'ya'yansu, waɗanda tun farko domin su aka ce an yi dokar. Bugu da ƙari, cinikin giya ta bayan fage ya bunƙasa a unguwanni irin su Surry Hills, inda wata mata mai suna Kate Leigh ta yi ƙaurin suna, 'yan daba masu yanka da aska kuma suka yi ta gwabzawa a shekarun 1920. Duk da haka, a ƙuri'ar 1947 jama'a suka sake zaɓar ƙarfe 6. Sai a 1954 suka sauya ra'ayi da ƙyar, aka koma ƙarfe 10 daga farkon 1955.

Daga nan lokaci ya yi ta tsawo, har aka kai matsayin da wasu wurare a unguwar Kings Cross ke kwana a buɗe.

A watan Yuli na 2012 wani bugagge ya naushi wani saurayi ɗan shekara 18 a wannan unguwa, ya faɗi kansa ya bugi ƙasa, ya mutu bayan kwana biyu. A daren jajibirin sabuwar shekara ta 2014 aka sake yi wa wani ɗan shekara 18 irin wannan naushi a kan titi ɗaya, shi ma ya rasu a asibiti. Jaridu suka taso gwamnati a gaba. Akwai kuma misali a kusa, domin tun 2008 an tilasta wa mashayu 14 na garin Newcastle rufewa da wuri, bincike kuma ya nuna duke-duken dare sun ragu da fiye da kashi ɗaya bisa uku. Saboda haka a Fabrairu 2014 gwamnatin Barry O'Farrell ta kafa dokar hana shiga mashaya bayan ƙarfe 1:30 na dare, da hana sayar da giya bayan ƙarfe 3, a Kings Cross da tsakiyar birni.

Akwai abin lura a nan: duka samarin biyu an nashe su ne wajen ƙarfe 9 zuwa 10 na dare, lokacin da dokar ba ta shafa ba ko kaɗan. Amma wannan bai hana ta yin tasiri ba. Hukumar ƙididdigar laifuffuka ta jihar ta gano cewa duke-duke sun ragu da kusan rabi a Kings Cross, likitocin asibitin St Vincent's da ke kusa kuma suka shaida raguwar munanan raunuka. Sai dai a tsakiyar birni raguwar ba ta taka kara ta karya ba, a unguwannin da ke kewaye kamar Newtown kuwa ƙaruwa aka samu. A ganin mai wannan rubutu, wani ɓangare na nasarar Kings Cross ya samu ne don mutane sun ƙaurace wa unguwar baki ɗaya. Gidajen kiɗa da yawa sun rufe, mawaƙa da ma'aikata suka rasa abinci. Abin da ya fi ɓata wa jama'a rai shi ne babban gidan caca na The Star, wanda ya faɗa wajen iyakar da aka shata, ya ci gaba da sayar da giya har wayewar gari.

A 2016 dubban mutane suka yi zanga-zanga, aka ɗan sassauta wa gidajen kiɗa da rabin awa. A Janairu 2020 aka ɗage dokar hana shiga a tsakiyar birni, Kings Cross kuma ta biyo baya a Maris 2021, a daidai lokacin da annobar korona ta riga ta kashe kasuwar dare.