Maraɗi: garin da ruwa ya tayar, gujiya ta raya

Ƴan'uwa, da yawa daga cikinku kun sha zuwa kasuwar Maraɗi. To, ko kun san garin nan ba a inda yake yau aka fara kafa shi ba? Ku saurara ku ji.

A shekarar 1807 mutanen jihadi suka ci birnin Katsina. Sarakunan Katsina suka yi arewa da jama'arsu. Wajen 1819 Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi. Shi ya sa har yau ake kiran sarkin garin Sarkin Katsina.

Tsohon gari yana ƙasa, cikin fadamar Gulbin Maraɗi. Gulbin nan daga ƙasar Katsina yake tasowa. Yana bi ta Madarunfa da Maraɗi da Tibiri, sannan ya sake komawa Najeriya. Da rani rairayi ne, da damina ya cika ya batse. Fadamarsa tana da albarka, ga kuma itatuwan da ke kare gari daga mahara.

Da nasara Faransa suka kama ƙasa, Maraɗi ƙaramin gari ne. Suka aza wa mutane lanho, suka ce da kuɗi za a biya. Ina talaka zai samu kuɗi? Sai ya noma gujiya, wadda wasu ke kira gyaɗa. Kamfanonin nasara suka buɗe kantuna, suka kafa ma'auni. Da kaka manomi ya kawo gujiya, a auna, a biya shi. Ya biya lanho, abin da ya rage ya sayi yadi da gishiri. Gujiya kuwa a kai ta Kano, inda jirgin ƙasa ya iso tun 1911. Daga can sai Ikko, sai bakin teku.

A damina ta 1945 gulbi ya yi ambaliya, ya cinye tsohon gari. Gidajen ƙasa suka zube. Sai aka tayar da gari aka maida shi bisa tudu. Aka shata tituna miƙaƙƙu, aka gina gidan sarki da fili babba a ƙofarsa. Mutane suka hau da sunayen unguwanninsu, irin su Bagalam da Limanci da Mokoyo.

A sabon gari ciniki ya haɓaka. Akwai injin matsar man gujiya. Yaran kanti masu sayo wa nasara gujiya a ƙauyuka suka tara jari, suka zama alhazan Maraɗi. Bayan samun mulkin kai a 1960, gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayen gujiya.

Amma kowa ya dogara da abu guda, ranar da ya karye sai ya faɗi. Fari ya zo a 1973, cuta ta bi gonakin gujiya a 1975. Manoma suka koma ga hatsi da wake. Abin da ya riƙe garin shi ne kusancin iyaka, wadda ba ta wuce kilomita 50 ba. Alhazai suka juya ga fatauci da Katsina da Kano. A ƙidayar 2012, mutanen garin sun haura 260,000.

Saboda haka, ɗan'uwa manomi, in ka shiga Maraɗi ka ga benaye, kada ka raina kanka. Buhunan gujiyar kakanninka suna cikin tushen ginin nan.