Sanya Turbo a Tsohon Injin Dizal

Turbo na'ura ce da hayaƙin salansa ke juyawa domin ta cusa ƙarin iska cikin silinda, injin ya samu damar ƙone mai da yawa, ƙarfinsa ya ƙaru. Injiniya Alfred Büchi ɗan Suwizalan ne ya yi rajistar fasahar a 1905, kamfanin Saurer kuma ya sanya ta a manyan motoci a 1938.

Misali, injin Mercedes-Benz OM352 mai silinda shida yana ba da ƙarfin doki kimanin 130, amma samfurinsa mai turbo, OM352A, yakan kai 168.

Sai dai ɗaura turbo kawai ba ya wadatarwa. Dole a sake saita famfon mai da injekta, a ja bututun baƙin mai zuwa turbo ɗin, domin yakan yi juyi sama da 100,000 a minti. Injin da tun asali aka ƙera da turbo yana da fistin mai jure zafi da ake fesa wa baƙin mai ta ƙasa. Tsohon injin da aka cika wa man dizal babu wannan kariya yakan narkar da fistin ko ya ƙone gasket. Shi ya sa ake auna zafin hayaƙi. Ana kuma barin injin yana aiki na 'yan mintuna kafin a kashe domin turbo ɗin ya huce.