Tsohon Zarto a Ƙofar Dumi: Daga Gizago Zuwa Teburin Kafinta

Lokacin da Malam Yakubu ya kafa garin Bauchi a 1809, aka kewaye shi da ganuwa mai ƙofofi irin su Dumi da Wunti da Ran, aikin itace yana hannun masassaƙa ne. Gatari da gizago su ne makamansu. Daga gungume ɗaya suke fitar da turmi ko akushi ko kujerar mata, ba haɗi, ba ƙusa.

Kafinta ya zo ne daga baya. Turawan Ingila sun ci Bauchi a 1902, kuma ofisoshinsu da makarantunsu suna buƙatar tebur da benci da taga, abubuwan da sai an yanka katako an haɗa. A makarantar da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 har da sashen koyar da sana'o'in hannu, ciki da kafintanci. Isowar jirgin ƙasa Bauchi a 1961 ta sauƙaƙa jigilar katako daga Kudu, sannan zaman garin hedikwatar jiha a 1976 ya buɗe ƙofar gine-gine.

Zartunan wancan zamani, irin na kamfanin Spear & Jackson na birnin Shafil a Ingila, an ƙera su ne don a yi ta wasa su har tsufa. Idan tsatsa ta ci ruwan zarton, sai a kwance mariƙinsa, a jiƙa ƙarfen da kananzir, a bi shi da samfefa mai laushi har ya yi haske. Daga nan a matse shi tsakanin katako biyu, a ɗauki magagari mai kusurwa uku a bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya, a lanƙwasa wannan dama, na kusa da shi hagu. Wannan lanƙwasar ce ke faɗaɗa hanyar yanka, ta hana katako riƙe zarton. A nan ake gane gwani, domin idan haƙori ɗaya ya zarce 'yan'uwansa, sai yanka ya karkace.

Akwatin yankan kusurwa kuwa, mai tsagar digiri 45 da ake haɗa firam ɗin madubi da shi, idan tsagarsa ta buɗe sai a sake masa katakon gefe, a yanka sabuwa.

Yawancin zartunan da suka cika kasuwa yanzu an ƙone haƙoransu sun yi taurin da magagari ba ya kama su. Da sun dakushe, sai bola. A ganina asarar ta wuce ta kuɗi, don yaron shago yakan gama koyo bai taɓa wasa zarto da hannunsa ba.

Don haka duk mai tsohon zarton gado a jibge a zaure, a Ƙofar Dumi ko wata unguwa, kada ya miƙa wa 'yan gwangwan. Ya kai wa dattijon kafinta, ya kuma tura yaro ya tsaya ya ga yadda ake yi.