Kakar wasan New York Jets ta 2023

Kakar wasan New York Jets ta 2023 ita ce kakar da wannan ƙungiya ta ƙwallon ƙafar Amurka ta buga a gasar NFL daga Satumba 2023 zuwa Janairu 2024, ƙarƙashin mai horarwa Robert Saleh. Ƙungiyar ta ci wasa 7, ta sha kashi a 10, ta ƙare a matsayi na uku a rukunin gabas na ɓangaren AFC. Wannan ce kaka ta 13 a jere da ta kasa shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale, domin rabonta da shi tun kakar 2010. An fi tuna kakar da raunin da Aaron Rodgers ya ji a wasan farko, da kuma gazawar masu kai hari a bayansa.

Tsarin gasar

Gasar NFL tana da ƙungiyoyi 32 da aka raba gida biyu, AFC da NFC. Kowace ƙungiya tana buga wasa 17, sannan bakwai daga kowane ɓangare su wuce zagayen sili-ɗaya-ƙwale: zakarun rukunai huɗu da wasu uku da suka fi yawan nasara a cikin sauran. Da yake wasannin ba su da yawa, rashin nasara biyu ko uku na iya fitar da ƙungiya. A 2023, ƙungiyar Pittsburgh Steelers ce ta samu gurbin ƙarshe a AFC da nasara 10.

Zuwan Rodgers da rauninsa

A watan Afrilu 2023 Jets ta ɗauko Rodgers daga Green Bay Packers. Shi kwatabak ne, wato ɗan wasan da ke jagorantar hari da jefa wa abokan wasansa ƙwallo, kuma sau huɗu yana lashe kyautar gwarzon ɗan wasan gasar. An gina tsarin harin ƙungiyar a kansa, ƙarƙashin Nathaniel Hackett wanda suka taɓa aiki tare a Green Bay.

Ranar 11 ga Satumba, a filin MetLife da ke jihar New Jersey, Leonard Floyd na Buffalo Bills ya kayar da Rodgers a karo na huɗu da ya karɓi ƙwallo. Agarar ƙafarsa ta hagu ta tsinke, yana da shekara 39. An yi masa tiyata, ya dawo atisaye a ƙarshen Nuwamba, amma bai sake buga wasa a kakar ba. Duk da haka Jets ta ci wasan da maki 22 da 16 a ƙarin lokaci.

Yadda kakar ta gudana

Zach Wilson ne ya maye gurbin Rodgers. Da farko masu tsaron baya sun riƙe ƙungiyar. Ranar 15 ga Oktoba ta doke Philadelphia Eagles da 20 da 14, nasararta ta farko a kan Eagles a tarihi, kuma a ƙarshen watan tana da nasara 4 da rashin nasara 3.

Daga nan aka ci ta sau biyar a jere, inda ta tara maki 45 kacal a wasannin biyar. Biyu daga ciki sun nuna inda matsalar take: Las Vegas Raiders ta ci ta 16 da 12, Atlanta Falcons kuma 13 da 8. Masu tsaron baya sun hana abokan hamayya cin maki da yawa, amma masu kai hari sun kasa cin abin da zai wadatar. An ajiye Wilson a benci aka sa Tim Boyle wasa biyu, sannan aka dawo da shi. Ranar 17 ga Disamba Miami Dolphins ta lallasa Jets da 30 da nema, Wilson ya bugu a kai, kuma a ranar ne ƙungiyar ta rasa duk wata damar wucewa. Trevor Siemian ya jagoranci wasanni uku na ƙarshe.

Matsalar kai hari

Raunin bai tsaya ga Rodgers ba. Alijah Vera-Tucker, ɗaya daga cikin ƙattin da ke kare kwatabak, shi ma agararsa ta tsinke a watan Oktoba, kuma an yi ta sauya 'yan wannan layi saboda rauni. Idan layin ya yi rauni, kwatabak ba ya samun lokacin jifa, masu gudu da ƙwallo ba sa samun hanya. Harin yakan ƙare da wuri, masu tsaron baya su koma fili kafin su huta.

Jets ta ci maki 268 a wasa 17, ƙasa da 16 a kowane wasa. Masu kai harinta sun kai ƙwallo ƙarshen filin abokan hamayya sau 18 kawai, mafi ƙaranci a gasar. Hakan ya faru ne duk da cewa Garrett Wilson ya cafe ƙwallo sau 95, Breece Hall kuma ya yi gudun yadi 994.

Kwatanci da Cleveland Browns

A wannan kakar ita ma Cleveland Browns ta rasa kwatabak ɗinta Deshaun Watson da mai gudu da ƙwallo Nick Chubb. Sai ta ɗauki Joe Flacco, wanda ya buga wa Jets a 2022, ta gama da nasara 11, ta wuce zagayen gaba. Shi ya sa aka soki shugabannin Jets kan rashin nemo gogaggen kwatabak bayan raunin Rodgers.

Bayan kakar

Jets ta rufe kakar ranar 7 ga Janairu 2024 da doke New England Patriots 17 da 3, bayan Patriots ta ci ta sau 15 a jere. Rodgers ya dawo a kakar 2024, amma an sallami Saleh a watan Oktoba bayan wasa biyar, ƙungiyar kuma ta ƙare da nasara 5 da rashin nasara 12.