Zaɓen jami'a a yankunan kan iyaka: nisa, kuɗi da darajar takarda

Ga ɗalibin da ya samu bakaloriya a garin da ke kusa da iyaka, babban birnin ƙasarsa kan fi ƙasar maƙwabta nisa. Daga Maraɗi zuwa Yamai tafiyar fiye da kilomita 600 ce, alhali Katsina ba ta kai kilomita 100 ba. Damagaram ta fi kusa da Kano nesa ba kusa ba a kan Yamai. Shi ya sa iyaye ke auna abubuwa da dama kafin su sallami yaro.

A da, zaɓin kaɗan ne. Nijar ta daɗe tana dogaro da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, sai Jami'ar Musulunci ta Say. Daga baya aka buɗe jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram, sannan a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tillaberi. A arewacin Kamaru akwai ta Ngaundare tun 1993, ta Marwa tun 2008, da ta Garwa tun 2022. Benin na da ta Paraku tun 2001. Sai dai ba kowace jami'a ke koyar da kowane fanni ba: an san Tawa da shari'a da tattalin arziki, Ngaundare da likitancin dabbobi da sarrafa amfanin gona, Marwa kuma da horar da malamai.

Kuɗin rajista ba shi ne babban nauyi ba. A jami'o'in gwamnatin Kamaru ɗan ƙasa na biyan sefa 50,000 a shekara, amma hayar ɗaki, abinci da kuɗin mota lokacin hutu sun ninka haka. Wanda ya sauka gidan kawu ko gwaggo ya rage rabin wahala, ko da yake ɗawainiyar gida kan cinye lokacin karatu, musamman ga 'yan mata. Wanda ya tsallaka iyaka kuma ana iya cajinsa kuɗin baƙo. Akwai kuma batun canji: sefar Afirka ta Yamma da ta Tsakiya darajarsu ɗaya, amma ba a kashe ta Yamai a kasuwar Njamena sai an canza. Faɗuwar naira tun 2023 ta sa rayuwa a Najeriya ta yi sauƙi ga mai karɓar sefa daga gida.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen takarda. Ƙasashe masu amfani da Faransanci na bin tsarin LMD, inda lisans ke ɗaukar shekara 3, kuma hukumar CAMES da ke Wagadugu ce ke tantance darajar takardun. A Najeriya digirin farko akalla shekara 4 ne, da Ingilishi, kuma ana shiga ta hanyar hukumar JAMB. Jin Hausa na sauƙaƙa zama a Sakkwato ko Zariya, amma ba ya rubuta jarrabawa. Wanda ke son aikin gwamnati a ƙasarsa sai an daidaita masa takardar da ya kawo daga waje. A Janairun 2024 Najeriya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo bayan an bankaɗo cinikin takardun bogi, matakin da ya shafi har waɗanda suka yi karatu da guminsu.

Nisa ma ba a kilomita kaɗai ake ƙirga shi ba. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe iyakarta da Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. Yajin aikin malaman jami'a na ASUU a 2022 ya ɗauki wata 8. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 kuwa ya tilasta wa ɗaliban Afirka ta Yamma da ke Khartum, ciki har da na Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa, barin birnin ana tsakiyar zangon karatu.