Takunkumin Biyafara da Tashar Jiragen Ruwa ta Garwa, 1967-1970

1.0 Gabatarwa

A Hausa, takunkumi shi ne abin da ake ɗaura wa dabba a baki don kada ta ci ko ta yi cizo. Daga nan aka aro kalmar ga matakin hana wata ƙasa saye da sayarwa. Wannan muƙala za ta duba takunkumin da Nijeriya ta ƙaƙaba wa Biyafara, da hukuncin waɗanda suka keta shi, da kuma abin da ya jawo wa Garwa a arewacin Kamaru.

2.0 Matsayin Kamaru

Bayan Ojukwu ya yi shelar ɓallewa ranar 30 ga Mayu, 1967, gwamnatin Yakubu Gowon ta toshe hanyoyin shiga yankin. Da yake Biyafara ta yi iyaka da Kamaru, nasarar matakin ta rataya a wuyan Shugaba Ahmadu Ahijo, haifaffen Garwa. Duk da cewa Faransa ta karkata ga Biyafara, Ahijo ya ƙi amincewa da ita, ya kuma hana a bi da makamai ta ƙasarsa.

3.0 Hukuncin Masu Ketawa

A 1968 Tanzaniya da Gabon da Kodebuwa da Zambiya suka amince da Biyafara, sai Nijeriya ta yanke hulɗar jakadanci da su. Ranar 5 ga Yuni, 1969, sojojin saman Nijeriya suka harbo jirgin agaji na Red Cross, kuma a watan aka kori wakilin ƙungiyar, August Lindt. Da yaƙi ya ƙare a Janairun 1970, Gowon ya ƙi karɓar taimako daga Faransa da Fotugal da Afirka ta Kudu da Rodeshiya. An kuma gurfanar da wasu limaman Katolika 'yan ƙasashen waje, aka kore su. Hujjar gwamnati ita ce jiragen agaji sun zama mafaka ga masu safarar makamai. Su kuwa ma'aikatan agaji suka ce yunwa ce ke kashe yara.

4.0 Rabon Garwa

Kafin yaƙin, idan Binuwai ya cika da damina, jiragen ruwa kan taso daga bakin teku su bi ta Lokoja da Yola, su sauke siminti da gishiri da man fetur a Garwa, su kwashi auduga da gyaɗa. Yaƙin ya datse wannan hanya. Kafin ta farfaɗo, layin dogo ya iso Ngaundare a 1974, kaya suka koma bin Duwala.

5.0 Kammalawa

Takunkumi ba ya kamawa sai da hannun maƙwabci. Wanda ya keta ya sha hukunci, amma wanda ya kiyaye ma bai tsira daga asara ba. Amincin da ya ƙullu tsakanin shugabannin biyu ya kai su ga sa hannu a Yarjejeniyar Marwa ta 1975 kan iyakar teku. Tashar Garwa kuwa ba ta sake komawa yadda take a da ba.