Filtar Mai a Tsofaffin Bas Masu Injekta: Aikinta, Wurin Zamanta da Alamomin Toshewa

Da yawa daga cikin bas ɗin da 'yan uwanmu ke neman abinci da su a Agege, Mile 12, Sabon Ibadan da Onitsha tsofaffi ne. Akwai Volkswagen T3, wadda mutanen Legas ke kira danfo, an fara ƙera ta a Jamus a 1979. Akwai kuma Toyota Hiace ƙirar da ta fara fitowa a 1989. Wasunsu kabureta ne, wasu dizal, wasu kuma fetur ne masu injekta. A kan masu injektan nan za mu yi magana, don su ne dattin mai ya fi saurin kwantarwa.

Me ya bambanta injekta da kabureta?

Ƙarfin turin mai ne. Famfon motar kabureta a hankali yake turo mai, ƙarfinsa bai kai rabin ba (bar) ɗaya ba. Famfon injekta kuwa na lantarki ne, yana turawa da ƙarfin ba 2.5 zuwa 3, wajen ninki goma kenan. Sannan ramin bakin nozul ɗan mitsitsi ne, ƙwayar tsatsar da kabureta zai haɗiye ya wuce ta isa ta ɓata feshinsa. A waɗannan tsofaffin motoci famfo yana turo mai fiye da abin da inji ke sha, ragowar ya koma tanki ta wani layin. Wato man yana ta zagaye, duk dattin da ke tanki sai ya biyo ta filta.

Mataki biyu na tacewa

Na farko shi ne rariyar da ke gaban famfo, tsakaninsa da tanki. Ramukanta manya ne, kimanin maikiron 100, aikinta tare yashi da ɓarɓashin tsatsa kada su ci famfo. Na biyu ita ce filtar gwangwani da ke bayan famfo, kimanin maikiron 10, mai kare nozul. Don a gane ƙanƙantar abin, kaurin gashin mutum wajen maikiron 70 ne.

A Hiace mai injekta famfo yana cikin tanki, rariyar tana maƙale a bakinsa kamar safa, filtar kuma tana waje a kan layi. A danfo famfo yana waje, a ƙarƙashin mota kusa da tankin da ke gaba, injin kuma yana can baya. Na farko-farko suna da 'yar filtar roba kafin famfo, na baya-bayan kuma suna da babbar gwangwani bayansa.

Kuskure biyu da ake yawan gani a gareji

Na ɗaya, saka filtar roba ta kabureta, mai arhar nan da ake hango mai a ciki, a bayan famfon injekta. Ba a yi ta don wannan ƙarfin ba. Ranar da ta tsage, fetur ne zai yi feshi kusa da inji mai zafi da salansa, ga fasinja cike da mota. Haka tiyo da kilif: sai waɗanda aka yi wa layin injekta.

Na biyu, saka filta mai ƙananan ramuka kafin famfo, wai don mai ya ƙara tsabta. Famfon lantarki ya iya turi, bai iya zuƙo ba. Idan ka shaƙe masa baki zai riƙa kuka, ya ɗau zafi, tunda man da ke ratsa shi shi ne ke sanyaya shi. Ƙarshenta ka sayi sabon famfo a kan abin da filta ɗaya za ta magance.

Alamomin toshewa

Mota tana silo lafiya lau, amma da an ɗau lodi ko an kama hawa sai ta riƙa fizga tana shaƙewa. Ka taka totur ta ƙi amsawa. Famfo yana ƙara fiye da yadda ka saba ji. Wani lokaci ta mutu a hanya, ka bar ta minti kaɗan ta tashi, saboda dattin ya ɗan saki. To amma fulogi da koyil ma suna kawo irin wannan, don haka ka sa makanike ya ɗaura gejin auna ƙarfin mai kafin ka sayi komai. Idan an cire tsohuwar filta, a zazzage ta a farin kwano ta ɓangaren da mai ke shiga. Ka ga jan gari, tankin ne ya yi tsatsa, sai an sauke shi an wanke, in ba haka ba sabuwar ma ba za ta daɗe ba.

Yadda ake canzawa

A cire fiyus ko rile na famfo, a tada mota har ta mutu da kanta, ƙarfin layin ya sauka. A cire kan batir. A rufe mahaɗar da tsumma kafin a kwance, kuma ba sigari ba wuta a kusa. Kibiyar da ke jikin filta ta kalli inji. Bayan an ɗaure a murɗa makulli sau biyu ko uku, a duba yoyo, sannan a tada. Motar haya da ke fita kullum, gara a canza mata duk wata shida. Wajen saye, a Ladipo ne ko wata kasuwar, ka faɗi lambar injinka, kuma kar ka karɓi filtar tokumbo.

Abin da filta ba ta iyawa

Ba ta raba fetur da kananzir ko wani sinadarin da aka gauraya. Gurɓataccen fetur mai yawan metanol da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022 ya lalata motoci duk da filtocinsu. Ruwa ma ba aikinta ba ne. Saboda haka ka kula da murfin tanki da damina, kar ka riƙa yawo da mai a gindin tanki, in kuma dole ta sa ka sayi na jarka wajen 'yan bumburutu, ka tace da kyalle mai tsabta kafin ya shiga tanki.